Yadda za ka kwance foldar NFS da ta maƙale a Linux ba tare da ka kashe kwamfuta ba

Salamu alaikum 'yan'uwa masu kula da kwamfutoci a biro da makarantu da shagunan buga takardu, musamman mu na nan Garwa da Marwa da Ngaundere har zuwa Kusiri da Njamena. Duk wanda ke da saba ko NAS, wato na'urar ajiyar fayiloli, guda ɗaya da sauran kwamfutoci ke ɗaukar fayil daga gare ta ta NFS, tsarin da ke sa foldar wata na'ura ta bayyana kaman tana kan taka, ya san wannan matsalar. Kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke, batirin da ke riƙe da sabar zafin watan Maris da Afrilu ya riga ya cinye shi, sabar ta mutu nan take, amma kwamfutar da kake aiki a kai tana nan da rai don ita laftof ce ko kuma tana kan grup, wato janareta. Ka buga ls shiru, ka buga df shiru, ka danna Ctrl+C ko motsi, tagar fayiloli ta yi fari ta daskare, kuma kana da aikin da ya yi awa da awanni yana gudana wanda in ka kashe na'urar ya tafi kenan. A arewacin Kamaru da wutarmu ta dogara sosai kan madatsar Lagdo, in rani ya yi nisa ruwa ya ja baya, wannan ba abin sau ɗaya a shekara ba ne.

Abin da akasari ake gaya wa mutum shi ne ya buga umount -l shikenan. Ni dai ina roƙonka kar ka fara da shi. Yana aiki a ido, foldar ta ɓace, amma shi ne makami na ƙarshe ba na farko ba, kuma zan nuna maka dalili in mun iso wurin. A misalan nan sabar tana 192.168.10.5, tana bayar da /srv/taska, kwamfutarka kuma ta ɗaura ta a /mnt/taska, kai sai ka sa naka.

Da farko ka samu taminal mai numfashi

In taminal ɗinka yana cikin foldar da ta maƙale, ko ya riga ya daskare, bar shi kawai ka buɗe wani. In fuskar kwamfutar gaba ɗaya ta ƙi, danna Ctrl+Alt+F3 ka shiga da sunanka, ko ka shigo ta ssh daga wata na'ura. Abu na farko da za ka rubuta shi ne

cd /

Sannan ka riƙe hannunka daga abubuwa huɗu: kar ka danna Tab don cika sunan hanya a ƙarƙashin /mnt/taska, kar ka buga df haka tsirara, kar ka buga ls a /mnt, kuma don Allah kar ka buga sync. Dukkansu suna zuwa su tambayi sabar da ba ta nan, kuma sabon taminal ɗin ma ya bi na farko. In dole sai ka ga sararin diski, df -l yana duba na gida kaɗai. In kuma na'urarka da Faransanci take magana kaman yawancin namu, ka dinga sa LC_ALL=C a gaban umarni don saƙon kuskure ya fito yadda zan rubuta shi a nan.

Yanzu duba abin da ke ɗaure:

findmnt -t nfs,nfs4

ko kuma grep nfs /proc/mounts. Waɗannan biyun karnel, wato zuciyar Linux da ke cikin kwamfutarka, suke tambaya ba sabar ba, sabida haka ba sa maƙalewa. Ka lura da kyau da abu uku a layin: adireshin sabar, sigar NFS wato vers=3 ko vers=4.2 da makamantansu, da kuma ko an rubuta hard, mai jiran sabar har abada, ko soft, mai haƙura ya dawo da kuskure bayan 'yan gwaje-gwaje. Ka kuma duba ko akwai wasu ɗaure a ƙarƙashin /mnt/taska, sabida NFS 4 kan ɗaura na ciki da kansa in ka ratsa zuwa wani diski na sabar.

Cuta biyu ce, ba ɗaya ba

Nan ne mutane ke haɗa abu biyu da ba su da magani ɗaya, kuma a ganina rabin aikin a nan yake.

Ta farko, sabar ba ta amsawa. Ta mutu, ko igiyar rezo, wato wayar netwok, ta fita, ko suwic ya mutu tare da kuran, ko an canza mata adireshi. Alamarta shiru, komai ya tsaya ba saƙon kuskure. Wannan shirun da gangan aka yi shi. Tun da kamfanin Sun Microsystems ya fito da NFS a 1984 tsarin shi ne in an ɗaura da hard, wanda shi ne na asali in ba ka faɗi komai ba, kwamfutarka za ta yi ta maimaita buƙatarta har abada har sabar ta dawo, don kada shirin da ke rubutu ya ɗauka ya adana alhali bai adana ba. Kaga kenan daskarewar nan tana tsare maka bayanai ne.

Ta biyu, sabar tana nan lafiya lau tana amsawa, amma amsar ita ce Stale file handle, ko a Faransanci Panne d'accès au fichier, lambar kuskurenta a Linux 116. Ita wannan ba ta daskarewa, nan take take dawo maka da kuskure, kuma in ka duba foldar za ka ga alamun tambaya a inda ya kamata a ga mai fayil da girma da kwanan wata. Dalili shi ne kwamfutarka ba da suna take riƙe fayil a sabar ba, wata lamba ce sabar ke ba ta, kaman tikitin da ake ba ka in ka ajiye kaya a tashar mota, in aka kwashe kayan aka canza ɗakin ajiya tikitin hannunka ya zama takarda kawai ko da kayan suna nan. Lambar ta ƙunshi shaidar diskin da lambar inode, wato lambar da diski ke gane fayil ɗin da ita, toh in wani ya goge fayil ɗin daga wata kwamfuta, ko an dawo da foldar daga kwafin ajiya, ko an canza diski a sabar, ko sabar ta tashi ta ba diskin wata shaidar daban, tsohuwar lambar ta mutu.

Ga yadda za ka bambance su ba tare da ka rasa taminal ba:

timeout -s KILL 5 stat -f /mnt/taska

In ya dawo da Stale nan take, cuta ta biyu ce. In ya yi daƙiƙa 5 aka kashe shi, ta farko ce. Na sa -f ne don ya tilasta a je sabar, stat tsirara kan iya ba ka amsa daga abin da kwamfuta ta haddace na ɗan lokaci ka ɗauka komai lafiya. Sai ka ƙara da

sudo dmesg -T | grep -i nfs

In ka ga server not responding, still trying ka tabbatar. Sannan ping 192.168.10.5, sannan

nc -zv -w 3 192.168.10.5 2049

don 2049 ita ce ƙofar NFS. Sau da yawa ping na amsawa amma 2049 a rufe, ma'ana na'urar ta tashi amma hidimar NFS ba ta tashi ba.

In sabar za ta dawo, jira ya fi komai

Wannan ina so a ji shi da kyau. In matsalar kuran ce kuma an tafi tada grup, ko sabar tana kan tashi, kar ka kwance komai, kar ka kashe komai. Da zarar ta dawo da adireshinta na da, duk abin da ya tsaya zai ci gaba daga inda ya tsaya, rubutun da ke jiran tafiya ya tafi, a dmesg ka ga server OK. Sai dai ka ƙara haƙuri kaɗan, sabar Linux mai NFS 4 tana da lokacin sassauci na daƙiƙa 90 bayan ta tashi wanda take ba tsofaffin kwamfutoci su karɓi makullansu, a lokacin buɗe sabon fayil kan jira, ita ma kwamfutarka tana iya ɗaukar minti ɗaya zuwa uku kafin ta sake ƙwanƙwasawa. Mutane da yawa a wannan ɗan tsakanin suke yanke ƙauna su kashe shirin da saura ƙiris ya adana.

Kana so ka san ko akwai rubutun da ke rataye? Duba

grep -E 'Dirty|Writeback:' /proc/meminfo

In lambobin suna da girma kuma sun ƙi sauka, akwai yiwuwar wani abu ne da bai kai sabar ba tukuna, kuma duk matakin ƙarfi da za mu ɗauka a ƙasa zai iya zubar da shi. Ka je ka tambayi mai kwamfutar me yake rubutawa kafin ka taɓa. In takarda ce a LibreOffice kuma tagar tana motsi, ya adana kwafi a diskin gida tukuna, ko a ƙalla ya kwafe rubutun ya liƙa a sabon fayil.

In Stale ce

Wannan ta fi sauƙi. In fayil ɗaya ne ko folda ɗaya ta ciki ke ba da kuskuren, rufe shirin da ya buɗe shi, fita daga foldar ka sake shiga, yawanci ya wuce. In kuma tushen /mnt/taska ne gaba ɗaya, toh

sudo umount /mnt/taska
sudo mount /mnt/taska

kuma tunda sabar na amsawa ba abin da zai daskare. In ya ce target is busy sai ka bi matakin neman masu riƙe da ita da ke tafe. In umount ɗin kansa ya ce Stale, ƙara masa -f. Amma in ka ga duk sanda sabar ta sake tashi sai Stale ta dawo, ciwon a sabar yake, je ka buɗe /etc/exports ka sa wa layin lambar shaida tabbatacciya, misali fsid=101, kowace folda da tata lambar, ban da 0 don ita NFS 4 ta keɓe ta wa tushe, sannan sudo exportfs -ra. Ka sani ranar da ka canza fsid dole kowace kwamfuta ta kwance ta sake ɗaurawa sau ɗaya, gara ka yi shi bayan an tashi aiki.

Sabar ta tafi ba za ta dawo yau ba

Toh yanzu mun zo kan ainihin aikin. Diskinta ya ƙone, ko an ɗauke ta, ko kai ne ka fita da laftof daga biro ka manta ba ka kwance ba.

Fara da rufe ƙofar da za ta sake ɗaura ta a bayan idonka. In a fstab, wato fayil ɗin /etc/fstab da ke jera abin da za a ɗaura, akwai x-systemd.automount:

sudo systemctl stop mnt-taska.automount

In autofs, wani shirin da ke ɗaurawa da kansa, kake amfani da shi ka lura da shi shi ma, in ba haka ba kana kwancewa wani shiri na leƙawa ana sake ɗaurawa.

Sai neman masu riƙe da ita. Kowa ya saba da fuser -m da lsof, amma su biyun sukan taɓa foldar su ma su maƙale. Hanyar da ba ta zuwa sabar ita ce ka tambayi /proc kai tsaye:

sudo find /proc/[0-9]*/cwd /proc/[0-9]*/fd -lname '/mnt/taska*' 2>/dev/null

Zai fito maka da layuka irin /proc/4312/cwd ko /proc/5870/fd/14, lambar tsakiya ita ce PID, lambar furoses wato shirin da ke gudana, ka rubuta ta a gefe. Wanda ya ƙare da cwd yana zaune ne kawai a cikin foldar, sau da yawa wani taminal ne da aka manta a bayan taga, wannan cd / ya ishe shi ba sai an kashe ba. Wanda ke da fd fayil ya buɗe. In ka fi son lsof, sa masa -b -w don ya kauce wa kiran da ke toshewa. Sannan ka ga waɗanda suka riga suka nutse:

ps -eo pid,stat,wchan:30,comm | awk '$2 ~ /D/'

Harafin D na nufin furoses ɗin yana barci a cikin karnel yana jiran amsa, kuma a wchan za ka ga sunaye masu rpc ko nfs a ciki. Su ne ke sa ka ga lodin na'ura ya haura 20 ko 30 alhali firosesa ba ta yin komai, kar wannan ya tsorata ka, Linux na ƙirga masu D a cikin lodi. Na sa comm maimakon cikakken layin umarni da gangan, sabida karanta cikakken layin furoses ɗin da ya maƙale kan iya riƙe ps ɗin kansa.

Kashe su da ladabi tukuna, sudo kill 4312 5870, ka ba su 'yan daƙiƙu, wanda ya ƙi sai kill -9. Za ka ji ana cewa mai D ba ya mutuwa sai an sake kunna na'ura. Da haka ne, amma tun karnel 2.6.25 na 2008 yawancin jiran NFS ana iya katse shi da kill -9, kuma tun lokacin ne zaɓin intr da ake ta kwafowa cikin fstab ya daina yin komai, karnel na karɓarsa ya yi watsi da shi. Akwai dai 'yan kaɗan da za su ƙi, musamman wanda ke ƙoƙarin tura rubutunsa yayin fita, su mataki na gaba zai sako su.

Gargaɗi guda a nan, kuma da gaske nake. Umarnin fuser -km /mnt/taska da ake yawan bayarwa yana kashe duk wanda ke amfani da diskin da wannan hanyar take kai. In foldar ta riga ta kwance ba ka lura ba, /mnt/taska ta koma folda ce kawai a kan tushen na'urarka, sai ya kashe kusan komai har da zaman da kake ciki, aikin da kake ta kare wa ya tafi. In za ka yi amfani da shi dole ka haɗa da -M babba, wanda ke sa ya ƙi aiki in wurin ba maɗaura ba ce.

Yanzu ƙarfi:

sudo umount -f /mnt/taska

Abin da -f ke yi shi ne ya katse buƙatun da ke layi suna jiran sabar, masu jiran su samu kuskure su farka. Kar ka yi mamaki in karo na farko ya ce busy, ya riga ya yi aikinsa na katsewa, waɗanda ka aika wa kill suna kan fita ne, jira kaɗan ka sake bugawa, wani lokaci sai an maimaita. In akwai na ciki a ɗaure fara da su, ko ka sa -R ya bi su daga ƙasa zuwa sama. In kuma umount ɗin da kansa ya tsaya shiru, dalili biyu ne yawanci: yana ƙoƙarin tantance hanyar, ko kuma mataimakinsa umount.nfs yana neman sallama da sabar, wanda a NFS 3 yake yi. Daga wani taminal:

sudo umount -f -c -i /mnt/taska

-c na hana shi bin diddigin hanyar, -i na hana shi kiran mataimakin. Rubuta hanyar daidai yadda take a /proc/mounts, ba slash a ƙarshe.

In ya ci gaba da cewa busy kuma ba ka ga kowa ba, ka tuna fayil ɗin da aka ɗaura a matsayin loop daga cikin foldar, losetup -a zai nuna, ko diskin wata kwamfutar VirtualBox ko KVM da ke zaune a can. Akwai kuma kwantenonin Docker da shirye-shiryen snap da flatpak da ke da nasu teburin ɗauri daban:

sudo grep -l taska /proc/[0-9]*/mountinfo

Kafin ka kwance kusan kowa zai fito a jerin, amma bayan ka kwance duk wanda ya rage yana riƙe da nasa kwafin ne, sai ka tsayar da kwantenar ko ka rufe shirin.

Sabuwar hanya ga mai sabon karnel

Buga uname -r. In kana da 6.5 ko sama, kaman Ubuntu 24.04 da ya zo da 6.8 ko Debian 13 mai 6.12, akwai wani makunni da aka ƙara don wannan matsalar. Debian 12 mai 6.1 ba shi da shi. Nemo lambar na'urar maɗaurar:

findmnt -o TARGET,MAJ:MIN -t nfs,nfs4

Ka ce ta ba ka 0:53. Duba ls /sys/fs/nfs/ za ka ga folda mai wannan sunan, sai

echo 1 | sudo tee /sys/fs/nfs/0:53/shutdown

Daga nan duk buƙatar da ke jira da duk wata sabuwa za ta dawo da kuskure nan take, masu D su farka, umount na yau da kullum ya wuce. Ba a dawowa daga wannan sai an kwance an sake ɗaurawa, kuma abin da bai kai sabar ba ya tafi, don haka ka tabbatar lambar ta foldar da ta mutu ce ba ta wata mai lafiya ba.

Dabarar aron adireshi

Ga tsofaffin karnel akwai wata tsohuwar dabara. Matsalar ita ce kwamfutarka na magana ba mai amsawa, toh sai ka ɗora wa kanka adireshin sabar na ɗan lokaci don ta samu amsa ko da ta ƙi ce:

sudo ip addr add 192.168.10.5/32 dev lo
sudo umount -f /mnt/taska
sudo ip addr del 192.168.10.5/32 dev lo

Wani lokaci wannan kaɗai ya isa, wani lokaci sai ka tada hidimar NFS a kwamfutar taka na minti ɗaya, wato nfs-kernel-server a Debian da Ubuntu, don ta amsa da cewa ba ta san waɗannan lambobin ba, masu jira su samu kuskure su saki. Amma ka kula, Linux a yadda ya zo yana iya amsa wa sauran na'urorin rezo cewa shi ne mai wannan adireshin ko da a lo ka sa shi, in sabar gaskiya ta dawo a wannan lokacin ko wasu kwamfutocin biro na nemanta, ka rikita kowa. In kana zaune gaban na'urar zare igiyar rezo ko kashe wifi kafin ka fara, kuma layi na uku kar ka manta shi ko da umount bai yi nasara ba.

Sai umount -l

In duk wannan bai yi ba, ko kuma akwai shirin da ba za ka iya kashewa yanzu ba:

sudo umount -f -l /mnt/taska

Zai dawo nan take, findmnt ba zai ƙara nuna ta ba, df da tagar fayiloli su farfaɗo. Amma abin da ya faru shi ne an cire sunan daga bishiyar foldoji kawai, karnel na nan riƙe da haɗin har sai mai riƙe na ƙarshe ya saki, masu D suna nan a D. Kuma ka rasa hanyar da za ka sake aika musu -f tunda sunan ya tafi, neman su ma ya ƙara wuya don hanyoyin fayilolinsu a /proc ba za su ƙara farawa da /mnt/taska ba. Shi ya sa na ce ka rubuta PID ɗinsu kuma ka yi -f kafin ka zo nan. Littafin umount ɗin kansa, wanda man umount ke buɗewa, ya yi gargaɗin cewa wanda ya yi -l a kan foldar rezo ya sa ran sake kunna na'ura nan gaba kaɗan, kuma sake ɗaura wannan foldar na iya ƙi. Don ka ga ko da saura:

cat /proc/fs/nfsfs/volumes

In layin sabar na nan, ba ta saku ba tukuna. In sabar ta dawo kana so ka sake ɗaurawa alhali tsohon na rataye, gwada mount -o nosharecache don karnel ya buɗe sabon shafi maimakon ya jingina da tsohon.

Akwai wani haɗari kuma da ke biyo bayan kowace irin kwancewa, ba -l kaɗai ba. Yanzu /mnt/taska folda ce fanko a diskinka, shirin ajiyar dare ko sikana da aka saita ta zuba a can za su ci gaba da zubawa ba tare da kuskure ba, diskin gida ya cika, ranar da aka sake ɗaurawa kuma fayilolin su ɓuya a ƙarƙashi kowa ya ce sun ɓata. Maganinsa tun tana kwance ka buga sudo chattr +i /mnt/taska, ba mai iya rubutu a fankon, amma ɗaurawa a kanta na aiki yadda aka saba.

In ba NFS ba ce

Foldar Windows ko Samba, wadda findmnt -t cifs ke nunawa, matakan ɗaya ne, nemo masu riƙewa, umount -f, sannan -l, kuma ita da soft take zuwa tun asali don haka ta fi saurin sakin mutum. Ta sshfs kuwa kashe furoses ɗin sshfs ɗin, sai fusermount -u, in ta ƙi fusermount -uz, a sababbin na'urori sunan fusermount3 ne.

Gyaran fstab don gobe

Ga inda kuran ke yawan ɗaukewa, abin da ya fi amfani shi ne kar foldar ta zauna a ɗaure in ba a aiki da ita:

192.168.10.5:/srv/taska /mnt/taska nfs4 hard,noauto,_netdev,x-systemd.automount,x-systemd.idle-timeout=300,x-systemd.mount-timeout=20 0 0

Sai sudo systemctl daemon-reload, sai sudo systemctl start mnt-taska.automount. Za ta ɗauru sanda aka leƙa, ta kwance kanta bayan minti 5 ba a taɓa ta ba, in sabar ba ta nan kuma ƙoƙarin ɗaurawa ya haƙura bayan daƙiƙa 20. Ka dai cire ta daga jerin wuraren da shirin binciken fayiloli na tebur ke bi, in ba haka ba ba za ta taɓa samun hutun minti 5 ɗin ba.

Za a ce maka ka sa soft ka huta. Ga foldar karatu kaɗai, irin ta littattafan PDF ko hotunan shigar da manhaja, na yarda, ro,soft,timeo=50,retrans=2 ya yi, kuma ka tuna timeo da kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ake ƙirga shi, 50 daƙiƙa 5 kenan, na asali a TCP 600 ne wato minti ɗaya. Amma inda ake rubuta lissafin kuɗi ko makin ɗalibai ni ba zan sa soft ba, littafin nfs ya faɗa ƙarara cewa yana iya lalata bayanai a ɓoye, tunda shiri na iya samun kuskure a tsakiyar rubutu kuma ba kowane shiri ke dubawa ba. Ka ba sabar adireshi tsayayye a rauta kar DHCP ya canza mata bayan kowace ɗaukewar wuta, ka kuma sa suwic ɗin a kan batiri ɗaya da sabar, don saba mai rai a bayan mataccen suwic daidai take da matacciya a wurin kwamfutarka. In batirin na da igiyar USB, manhajojin NUT ko apcupsd za su iya kashe sabar cikin tsari kafin cajin ya ƙare, ka saita shi ya bar mata isassun mintuna na rufe diski.